Don Gudun Jakar Fitsari Na Tsere Wa Tiyata

A wancan lokacin ni direban bas ne, ina jigila daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, ranar kasuwa in zarce Basirka. Na haura hamsin amma jikina garau, ga baki, ga taurin kai. Abu ɗaya nake taƙama da shi fiye da mota: tsarki. Buta biyu nake ajiyewa a ƙarƙashin kujera, kuma a masallacin tasharmu ba a cika sahun gaba sai da ni. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai in ɗigon ruwan kwata ya taɓa mini wando sai fasinja sun jira na sake wani. Ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya suka faɗa.

Ranar da na fara ganin jini a fitsarina dariya na yi. Mu da muka tashi a Kiyako muna wanka a kududdufi, wa bai yi tsargiya ba? Muna yara har gasa muke yi ta wanda nasa ya fi ja, manya kuma su ce alamar zama namiji ce. Sai na ce wa uwargidana ƙuruciya ce ta dawo mini. Ita ba ta yi dariya ba. Na sayi ƙwayar tsargiya a kemis na sha, jini ya ɗauke ya dawo, har ya fara fita da guda-guda. Sai da ta haɗa ni da yayana sannan na je asibiti, su kuma suka tura ni Kano.

A can wata likita ta zaunar da mu bayan an leƙa cikin mafitsarar an ɗebi ɗan nama an auna. Ta ce ciwon daji ne, kuma ya wuce fatar ciki ya kama tsokar bangon mafitsara. Ta yi mana bayani a tsanake, cewa a da wuƙa kawai ake sa wa irin wannan, sau da yawa kuma ciwon ya sake ɓullowa a wani wuri. Yanzu an samu ci gaba: za a fara ba ni magani ta jijiya na 'yan watanni don ya ƙanƙance ƙarin ya kuma kashe abin da ya ɓalle ya shiga jini, sannan a cire mafitsarar, bayan nan in da hali a bi da wani sabon magani mai zaburar da garkuwar jiki. Ta ce na yi sa'a, irin nawa yana jin magani kuma ƙodata lafiya lau. Ta maimaita cewa maganin share fage ne, tiyatar ita ce aikin. Duk na ji. Amma da ta ce bayan tiyata fitsari zai riƙa fita ta gefen cikina zuwa wata jaka da za a manna, sai kunnena ya toshe. Ni, in shiga masallaci ɗauke da fitsari a jikina? Wace alwala ke nan? Wa zai yarda ya haɗa kafaɗa da ni?

Maganin na sha wuyarsa. Amai, kasala, abinci ya koma kamar dusa a bakina, gemuna ya zube har jikata ta ƙi yarda in ɗauke ta. Uwargida ce ke dama mini kunun tsamiya tana lallashina kamar yaron goye. Amma ikon Allah, kafin a gama jinin ya tsaya cak, hoto kuma ya nuna ƙarin ya motse ƙwarai. Likita ta yi murna, ta ce yanzu ne lokacin da ya fi dacewa a yi aikin, kada a bari ya daɗe. Ni kuwa wani lissafin nake yi a zuciyata. Na ce tunda magani ya ci ƙarfinsa, sauran addu'a za ta ƙarasa. Ranar da aka sa mini ta zo ta same ni a kan sitiyari, ina hanyar Gwaram da lodin buhunan gero.

Uwargida ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina yi mini magana, duk a banza. Ta tambaye ni abin da nake tsoro, na ce wuƙa. Ƙarya ce, kunya ce ta hana ni faɗin gaskiya. Abin da ya fi ba ni takaici yau shi ne, kullum ina gaisawa da malamai, ina ɗaukarsu kyauta a motata, amma ban iya buɗe baki na yi tambaya ɗaya ba, don maganar fitsari ce. Damina ta wuce, aka yi kaka, gemu ya dawo, ina ta yi wa mutane bayanin yadda na warke.

Wata ranar kasuwar Basirka na zaga bayan tasha da butata kafin azahar, sai ga jini, ya fi na farko. A hanyar dawowa na tsaya a Gwaram wajen wani dattijon malami da ke jan sallah a masallacin tashar can, inda nakan yi la'asar. Na zauna ina kame-kame har ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Da na gama, sai ya tambaye ni ko a tunanina Allah bai san da marasa lafiya ba lokacin da ya wajabta sallah. Ya ce mai yoyon fitsari na lalura yana da uzuri, tun ana yara ake karanta wannan a babin tsarki. Ya tsaftace abin da zai iya, ya yi alwala, ya yi sallarsa. Ya ƙara da cewa akwai wani bawan Allah a sahun gaba na masallacin nan da ya yi shekara da shekaru da irin wannan jaka a ƙarƙashin rigarsa, kuma sau tari kafaɗata da tasa a haɗe suke. Bai faɗi sunansa ba. A gabansa na yi kuka, ban ji kunya ba.

Da na koma Kano likita ba ta yi mini faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ƙarin ya dawo, ya toshe hanyar ƙoda ɗaya ya lalata ta, don haka maganin farko ba zai maimaitu ba. Aka yi tiyatar, ta fi wadda aka shirya girma. Sabon maganin na bayan tiyata ba ko'ina ake samunsa ba, da ƙyar da taimakon dangi na samu wani kaso. Yau ina raye, alhamdu lillahi, amma tuƙi ya gagare ni, kuma duk zuwa awo gabana faɗuwa yake yi. Jakar da na gudu tana nan a jikina, na ma saba da ita. Ƙodar ce ba za ta dawo ba.

Shi ya sa na rubuto. Ɗan'uwa, in ka girma ka ga jini a fitsarinka, kada ka ce tsargiyar yarinta ce, je a duba ka. In an ce magani sannan tiyata, kada sauƙin da ka ji ya ruɗe ka ka tsaya a rabin hanya. In kuma abin da ke ranka na addini ne, tambayi malami tun da wuri, ba ya cizo. Har yanzu in na je Gwaram nakan shiga sahun gaba, in saci kallon dama da hagu ko zan gane mutumin nan. Ban taɓa gane shi ba, shi ma na tabbata bai gane ni ba.