Ranar da na mayar da Malam Idi Alhaji a kwamfuta

"Wa ya taɓa jadawalin rigakafin shanu?" in ji shugabanmu, a ofishinmu can Tudun Wada, ƙarshen shekarun casa'in. Layukan jadawalin a kwamfuta duk sun koma fanko.

Ni ne, amma na yi gum.

Abin da ya faru shi ne, abokin aikinmu Malam Idi ya dawo daga Makka. Don girmamawa, na sauya sunan foldarsa, wato ma'ajiyar bayanansa, a babbar kwamfutar da kowa ke ajiya ciki zuwa "Alhaji Idi". Ashe jadawalin ta tsohon sunan foldar yake bi ya ɗauko bayanai.

Aka ɗora wa Talatu mai buga takardu laifin. Ta ce, "Wallahi, ranka ya daɗe, ban taɓa ba."

Kafin in lallaɓa in mayar da sunan, an yi mata canjin wurin aiki zuwa garin Doguwa.

Har yau ban nemi gafararta ba. Jama'a, ta ina zan fara?