Ƙarfen da Sama'ila Bakanike Ya Zaɓa

Duk wanda babur ya taɓa mace masa a hanyar kasuwar Maƙarfi ya san darbejiyar Sama'ila Bakanike. Mutumin Gazara ne, ɗan manoman rake. Tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya ɗauki sifana, mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji, ya sa masa albarka. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: akwatin ƙarfe, tsumma, da wani tsohon turmi mai tsagewa da ya karɓe a hannun matarsa Hajo. In zai taɓa gaban babur, sai ya kife turmin ya cusa shi ƙarƙashin inji, gaban ya tashi yana lilo, ya kwance abin da ya ga dama. Da turmin nan ya ci da gidansa, da shi ya aurar da 'ya'ya.

Da furfura ta fito, sai samari suka buɗe rumfuna a bakin titi, suna duba gyara a waya. 'Yan acaɓa suka fara wuce shi da ɗaga hannu kawai. Bencin da masu jiran gyara ke cikawa ya zama na tsofaffi masu hira. Abin yana cinsa, amma bai taɓa faɗa ba. Abu ɗaya ya rage masa, sunan nan da ake cewa babu baburin da ya taɓa gagarar Sama'ila.

Cikin surukansa babu wanda yake so kamar Zakiyyu, mijin 'yarsa Hafiza, ɗan gidan malamai daga Kudan, mai fataucin tumatir. Tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Sama'ila kan yi alfahari da shi a benci, ya ce, "Yaron nan tun da yake shigowa gidana ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba."

Wata kaka da kasuwa ta yi kyau, Zakiyyu ya sayo jan babur na tsere a Kaduna, irin wanda mai hawansa ke kwanciya a kan tanki. Ba a daɗe ba shokozoban gaba, ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba yana shanye gargada, ya fara yoyon mai. Ya yi niyyar mayar da shi can a gyara, Hafiza ta ce, "Ubana yana gari yana gyaran babur ka wuce shi? Me kake so a ce?" Shi ke nan, ya turo shi gindin darbejiya.

Gari ya taru kallo. Har Shamsuddeen, ɗaya daga cikin samarin bakin titi, ya bar rumfarsa ya zo, ya leƙa ƙarƙashin baburin ya tuntsire da dariya. "Baba, wannan fa ba na turmi ba ne. Ko ƙafar tsakiya ba shi da ita."

"Lokacin da na fara kwance inji, kai ko goyo ba a fara yi da kai ba," in ji Sama'ila.

Amma da ya durƙusa ya ga gaskiyar maganar. Bututun salansa ne ya bi ta ƙarƙashin injin, ga roba ta rufe ko'ina, babu inda turmi zai zauna.

Zakiyyu ya matso a tsugune, ya miƙa wayarsa da hannu biyu. Hotunan ƙarfen ɗaga gaban irin wannan babur ne, iri biyu. Ɗaya yana da hannuwa biyu da ke tallafe ƙasan shokozoba, dama da hagu. Ɗayan kuwa tsinke guda ne mai kauri da ke shiga wani rami a ƙarƙashin wuyan babur. Aka kira Iliyasu mai walda, abokin wasan Sama'ila, ya duba ya ce kowanne zai iya haɗawa.

"Zaɓi, tsohon banza, kafin idon naka ya ƙarasa mutuwa," in ji Iliyasu.

"Ka ji mushe. Yi min mai hannu biyun. Wa zai ɗora wannan bijimin a kan tsinke?"

Zakiyyu ya motsa. "Baba, a Kaduna kamar na ga..."

Sama'ila ya juyo ya dube shi. Tsofaffin benci suka zuba ido, Shamsuddeen ya kasa kunne yana murmushi. Zakiyyu ya mayar da kansa ƙasa.

"Ka ga me?"

"Babu komai, Baba. Yadda kuka gani shi ne daidai."

Ranar Laraba aka kawo ƙarfen, an shafe shi da baƙin fenti. Sama'ila ya yi bisimilla, ya danna mariƙin, gaban babur ya tashi tsaf, mutane suka ce masha Allahu. Bayan kuwa yana ƙasa a kan tayarsa, babu abin da ya riƙe shi. Ya cire tayar gaba ya jingine ta. Daga nan hannunsa ya ci gaba da abin da ya saba tun yana saurayi, ya kai sifana kan notocin da ke damƙe shokozoban dama. A kan turmi gaban babur a sake yake, ba ya ɗauke da komai. A nan kuwa duk nauyin yana kan abin da yake kwancewa. Zakiyyu yana tsugune a gefe, yana tonon ƙasa da tsinke.

Noti na ƙarshe yana saki, wuyan baburin ya zame, ya karkato, ya taho gaba ɗaya. Hannun daman Sama'ila yana ƙarƙashi.

An kai shi asibiti, an kuma kai shi wurin mai ɗori a Ikara. Ƙashi ya haɗu, amma yatsun suka ƙandare a lanƙwashe. Sifana ba ta zama a cikinsu. Ko manuniya ba ya iya ɗagawa a zaman tahiya, sai dai ya ɗaga ta a zuci.

Yana jinya ne Hafiza ta zo tana ba shi kunu, tana kuka, maganar ta suɓuce mata. Ta ce Zakiyyu ba ya iya cin abinci, domin ya ga yadda ake yi a Kaduna: a fara ɗaga baya tukuna, kuma in shokozoba za a cire, mai tsinken ake sawa.

Sama'ila ya kau da bakinsa daga ludayin. "Ya sani?"

"Ya sani, Baba. Ya ce ba zai iya gyara maka magana a gaban mutane ba."

Sama'ila ya so ya yi fushi, ya rasa inda zai kama. Wannan sunkuyar da kai ita ya yi ta yabo a benci, ita ta sa ya ba shi 'yarsa. Kuma shi da kansa ya san irin kallon da ya yi wa yaron ranar nan. Ya ce, "Allah Ya ƙaddara," bai ƙara ba.

An ɗora baburin a motar tumatir aka kai Kaduna. Shamsuddeen ya dawo da rumfarsa gindin darbejiya, wai don kada wurin ya mutu. Turmin, Hajo ta faskara shi ta hura wuta. Ƙarfen Iliyasu yana tsakar gida, tana ɗaure akuya a jikinsa.

Zakiyyu bai fasa zuwa gaisuwa ranar Juma'a ba, da buhun shinkafa ko kwandon tumatir. Yakan cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa can nesa, kansa a ƙasa. Masu wucewa kan ce, "Kai, Malam Sama'ila, ka yi dacen suruki, irin wannan kunya ta yi wuya yanzu."

Sama'ila kan ja hannun rigarsa ya rufe yatsun, ya ce, "Ƙwarai kuwa."