Ƙarfen Kawu da Gem ɗin Kano

Har yau in dalma ta narke, hayaƙin ya bugi hancina, sai in ji kamar an kama ni an mayar rumfar kawuna a bakin kasuwar Magariya. In ba ka taɓa shaƙar warin nan ba, ka ɗauka ƙaro ne ya ƙone ya haɗu da ƙarfe mai zafi. Wasu daɗinsa suke ji. Ni warin shekara shida ne ina fifita wuta.

Kawu, yayan innata, mai gyaran rediyo ne. Rumfarsa babu kuran, wato wutar lantarki, don haka ƙarfen liƙinsa a furno yake ɗora shi, kan gawayi. Wani ƙato ne mai kan tagulla, ƙotar itacen ta yi baƙi don riƙo. Can ciki akwai tele mai ƙusumbi da batirin mota, da abin da ya hana yaran unguwa zaman gida: gem ɗin da ya sayo a Kano, mai kaset da manet biyu da ake riƙewa ana dannawa. Waya ɗaya ce ke fita daga bayansa ta shiga ramin antan na tele, wato na eriya, kawu ya yi ta murɗawa kamar mai neman labarai, har hoto ya fito cikin yayyafi. Wani ɗan mutum ne yana gudu yana tsalle. Da kaka, in an cire gyaɗa, mu zube a ƙasa muna ɓara muna jiran layi. Da bazara kuwa tele kanta zafi take yi ta fara jan hoto, kawu ya kashe ya kore mu.

Saboda rumfar nan na bar lakwal, makarantar boko. Ina sizyam, ajin farko na sakandare, na ajiye littafi na ce ni gyara zan koya. Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, ta gaji, ta kama hannuna ta kai ni.

"Yaya, ga shi nan, ka koya masa."

Ya ce to. Ya miƙo min mafici.

Shekara shida. In hura gawayi, in ɗauko ƙarfe in miƙa, in karɓa in mayar. Ko sau ɗaya bai bar ni na ɗora shi kan rediyo ba. In na matsa sai ya ce, "Wanda ya kasa zama kan benci, ina zai zauna kan dalma?" Ɗansa kuwa, taubashina, yana can yana karatu har ya zama ma'aikaci a Damagaram. Ranar da na ƙoshi na jefar da maficin na kama gabana. Na yi kabu-kabu, na yi dakon mai a bakin iyaka, na je Kano na dawo, ban zauna ko'ina ba. Gyaran salula a hannun wani baƙo na koya cikin wata uku, don shi ya bar ni in ɓata in gyara.

Bara kawu ya kwanta, ɓarin jikinsa ya shanye. Taubashina ya kawo masa panno na sola da sabuwar tele, shafal kamar allo, ya ba masu gwangwan tsohuwar. Kawu ya sa aka jawo gem daga ƙarƙashin gado, wai don jikoki. Aka jona ta ramin antan, hoto ya yi ta birgima, ba kala, sai shuuu.

Taubashina ya dube ni yana dariya. "Kai, injiniyan bakin titi, ga aiki ya samu. Ko sai an samo mai hura maka gawayi?"

Na karɓa. Ba don jikoki ba, kar in yi maka ƙarya. So nake tsohon nan ya buɗe baki sau ɗaya ya ce na iya.

Na duba a salula yadda ake yi. Ashe hoto mai kyau yana cikin gem ɗin tun asali, wani ɗan gwangwani ne na antan ke dagula shi kafin ya fita. Sai a tare hoton kafin ya shiga gwangwanin, a bi da shi ta ƙaramin transisto da rezistans biyu, a huda bayan akwatin a dasa rami rawaya na hoto da fari na sauti. Kayan duk daga wata matacciyar rediyo na ciro.

Ga inda na yi wauta. Ina da ƙarfena na kuran, siriri kamar biro. Amma na ce da na kawu zan yi, wanda ya hana ni. Na sa matarsa ta nemo shi, na hura furno bayan la'asar a ƙofar ɗakinsa, inda zai gani daga kwance. Ƙarfen nan na rediyoyin da ne masu manyan wayoyi, kansa ya fi babban yatsana, kuma gawayi ba shi da ma'auni. Taɓawar farko, zanen tagullar da ke jikin allon ya ɗago kamar ɓawon albasa. Na bari ya ɗan huce, na tsinko silin waya ɗaya na yi gada na tsallake wurin. Sai a karo na uku ta kama.

Na jona. Hoto ya fito tar, ya tsaya cak, ga kala ga sauti. Jikoki suka ɗau ihu. Duk yarintata ban san ɗan mutumin nan yana da ido ba sai ranar.

Kawu bai kalli tele ba. Da hannunsa mai lafiya ya nuna akwatin.

"Buɗe."

Na kwance na ɗora masa a ƙirji. Ya bi allon da yatsa a hankali, ya tsaya daidai kan gadar.

"Ka ƙona."

"Kawu, ai ya yi."

"Ya yi. Amma ka ƙona."

Ya juya fuska bango.

Bai ga damina ba. Ranar sadakar bakwai matarsa ta kira ni gefe, ta ce kullum in jikoki sun kunna sai ya sa a tayar da shi zaune. Wai har ya faɗa wa maƙwabcinsu cewa da wannan ƙarfen, ko shi yana da lafiya ba zai iya aikin nan ba. Ta zaci daɗi zan ji. Maƙwabci ya ji, ita ta ji. Ni da tsakaninmu lungu biyu ne, ba a aiko ba.

Yanzu wurin rumfar masu cajin salula ne a ciki. Rediyo in ta mutu jefarwa ake, yaran yau gem ɗinsu a aljihu yake, ba mai jiran layi. Na kawu yana aiki har gobe, gadata ba ta saki ba. Ƙarfen kuma matarsa ta naɗe a tsumma ta ba ni, yana rataye a bangon shagona, ban ƙara hura masa wuta ba. Shekara shida ina roƙo a miƙo min shi. Sai da ya huce aka miƙo.