Furen Gujiya

Ina aji huɗu a lakol ɗin Gazawa, madam ɗinmu ta raba mana fensir masu launi. Ta ce kowa ya zana damin furanni ya kai wa uwarsa, kowane fure a madadin mutum guda na gidansu. Ni furen gona kaɗai na sani. Na zana rawayan furen kuɓewa, shi ne Inna, farin na riɗi Baba, ɗan mitsitsin na gujiya kuma ni. Na zana jan zare na ɗaure su da shi.

Inna ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Ɗiyata, wa ya tsinke su? Kuɓewar da aka cire wa fure ai ba ta ƴaƴa."

Haushi ya sa ni kuka. Da na huce, na goge zaren, na yi wa kowane kara saiwa da ƙasa. Inna ta adana takardar cikin kwanon jerenta.

Ranar da zan tafi karatu Maraɗi ta ciro ta, ta ɗora yatsa kan furen gujiya, ta ce, "Wannan dai yau an tsinke mini shi."