Albasa a Cikin Aji

Wa ya ba su mabuɗin ajin nan? Na tambayi mai gari, na tambayi yayana tun yana da rai, na tambayi matan da mazansu sunka yi dakon buhunan, kowa ya ce bai sani ba. Mabuɗi ɗaya yana aljihun Malam, mijina, ko masallaci zai tafi da shi yake tafiya. Ɗayan kuwa an ce yana ofishin ilimi. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a ɓalle ƙyaure ba. Buɗewa anka yi cikin kwanciyar hankali, da rana tsaka. Ga shi na tsufa, idona ya fara dishewa, har yau ba wanda ya dubi fuskata ya ce shi ne.

Ni ban yi boko ba. Faɗi nake ana rubutawa, kuma na ce kar a gyara mini magana don ta yi wa wani daɗi.

Malam mutumin Wurno ne. Koyarwa ta kawo shi garinmu tun muna tsohon gari, can ya aure ni. Da anka datse gulbi a Goronyo, ruwa ya ci gidajenmu da gonakinmu, anka tashe mu zuwa tudu. Cikin abin da anka yi mana don mu yi haƙuri har da makaranta: ɗaki biyu, rufin kwano, daɓen siminti, tagogi suna kallon juna iska na ratsawa. Duk garin ba gini irinta, har gidan mai gari. Ranar da anka miƙa wa Malam mabuɗi ya dawo gida yana murmushi kamar an yi masa haihuwa.

Daga ginin nan kuwa ba abin da ya sake zuwa. Ba benci, ba littafi. Alli ya zo sau ɗaya ya ƙare. Ni ke daka masa gawayi in kwaɓa da ƙaro, ya shafe allon bango ya yi baƙi. Farar ƙasa yake tonowa a gefen kwari ya yi rubutu da ita. An turo masa malami na biyu, wani saurayi, bai kai damina ba ya gudu ya kama tireda a Achida, kuma ban ga laifinsa ba. Malam shi kaɗai ya riƙe ɗakunan biyu, ya ba waɗanga aiki ya ruga wajen waɗancan. In ya dawo gida muryarsa ta dushe, sai na dafa masa citta.

Sai noman rani ya kankama. Ruwa ya biyo magudana har bakin gonaki, mutane sunka gane albasa. Wanda bai da jaki da, sai ga shi da babur. Yayana na cikin na gaba-gaba, har albasa ta kai shi Makka, anka koma ce masa Alhaji. To, ita albasa a bazara ake cirarta, lokacin kasuwar Goronyo ta cika maƙil, ba ta da daraja. Mai wayo ajiye ta yake sai damina ta yi nisa ta yi tsada. Amma rumbun kara da ciyawa da ake yi mata, in ruwa ya bugo shi ko danshi ya tashi daga ƙasa, rabi ruɓewa yake. Kowa ya san abin da take so: busasshen daɓe, rufi marar yoyo, da iska mai ratsawa. Kowa kuma ya san inda waɗanga ukun sunka haɗu a garinmu.

An yi hutun makaranta, mun tafi Wurno gaida tsofaffinsa. Da munka dawo, tun daga bakin gari na ji warin. Malam ya sa mabuɗinsa ya buɗe ɗakin manyan yara, sai ga albasa shimfiɗe daga bango zuwa bango, har gindin allo.

Ya tafi wajen yayana, na bi shi da mayafina a hannu don na san ransa ya ɓaci. Mun iske Alhaji a zaure yana cin goro.

"Alhaji, mi na gani a aji?"

"Baƙi ka yi, Malam. Ɗalibai ne masu ladabi, ba su surutu, ba su faɗa."

Na kusa da shi sunka fashe da dariya.

"Yaran kuma ina zan kai su?"

"Ga iccen dogon yaro can da inuwa. Mu da munka yi karatun allo a ƙarƙashin icce, mi ya same mu? Wata kaɗan ne. Kuma ba tawa ce ni kaɗai ba, tambayi mai gari."

Na ce, "Yaya, kai naka ɗiyan ina suke karatu?"

Ya dube ni ya ce, "Ke, maza na magana."

Ya san abin da ya sa na tambaya. Ɗiyansa maza suna Sakkwato, a makarantar da ke da benci da malamai da famfo, albasar nan ke biya musu. Ɗiyan 'yan ƙwadago da ke yi masa dashe da ban ruwa su ne anka fitar waje.

Malam ya haɗe yaran duka a ɗaki ɗaya, manya da ƙanana, har wasu na zama a taga. Ya hau keke ya tafi ofishin ilimi. Anka ce za a duba. Ya sake komawa, anka ce mai dubawa ba shi da man babur. Ya sake komawa, wani ya ce masa, "Malam, ka zauna lafiya da mutanen gari, su ne iyayen yara." Da bazara ta zagayo, sai ɗakin na biyu ma ya cika. Haka makarantar gwamnati ta koma rumbu, yara kuwa sunka koma gindin icce.

Wanda bai gani ba zai ce ai inuwa ma wuri ce. To, bai ga damina ba. Hadari na tasowa yara su watse, wasu ba su dawowa sai bayan kwanaki. Awaki na ratsa tsakiyar karatu. Uwa in ta hango ɗiyarta zaune a ƙasa a fili, sai ta ƙwala mata kira ta zo ta ɗauki tulu. Allon bango yana can cikin ɗaki bayan albasa, sai Malam ya cire ƙyauren kicin ɗina ya shafa masa gawayi, kullum ya ɗauke shi a ka ya kai ya jingina a jikin iccen. Yara sunka yi ta raguwa. 'Yan mata ne sunka fara ɗaukewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne matan gari. A rijiya sai su ce, "Matar Malam, ki ba mijinki haƙuri mana. Namu ɗan buhun ma yana ciki." Ashe kowa an ba shi ɗan lungu ya zuba tasa, don kar a samu mai magana. Ɗanta na zaune a rana, ita kuwa tana murna albasarta na inuwa.

Ran nan sai labari ya zo, manyan baƙi za su zo daga Sakkwato, wai gwamnati za ta gyara makarantu, suna zagayawa su ga halin da ake ciki. Malam ya kasa zaune ya kasa tsaye don murna. Ya ce mini, "Innar yara, Allah ya kawo ƙarshen abin. Ido zai gani."

Ana gobe za su zo, sai ga majiya ƙarfin gari da buhuna. Kafin la'asar sun kwashe albasar nan tas, sun kai ta bayan gidan mai gari sun rufe da zana. Anka share ɗakuna, anka wanke daɓe. Amma wari ya riga ya kama bango. Sai mai gari ya aika gida-gida kowace mace ta kawo turaren wuta. Har ni anka aiko wa. Na ce wa ɗan aiken ya koma ya ce nawa na ɗakin mijina ne, ba na rufa wa maƙaryata asiri ba. Duk da haka kasko-kasko anka jera a aji, hayaƙi na fita ta taga kamar ɗakin amarya. An kuma bi gidaje an tattaro yara, har waɗanda ba su taɓa taka makaranta ba, an wanke musu fuska an zaunar.

Baƙi sunka iso da hantsi cikin motoci masu ƙyalli. Mu mata muna tsaye daga nesa, amma muna jin komi. Babbansu, wani mai babbar riga da tabarau, ya leƙa aji ya ce, "Masha Allahu, ga tsabta ga ƙamshi. Malam, mi kuke buƙata?"

Mai gari ya yi sauri ya ce, "Benci, ranka ya daɗe, da alli."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin nake buƙata. Jiya war haka albasa ce a nan, tana nan bayan gidan mai gari in kana son gani. Yaran nan a gindin icce suke karatu tun bara."

Na ga yayana ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Babban baƙon ya dubi mai gari, ya dubi na ofishin ilimi da ke biye da shi, sai ya yi dariya ya ce, "Ai albasar ƙasarku ta yi suna, har makaranta take shiga." Duk sunka taya shi dariya, don sun samu mafita. Ya dafa kafaɗar Malam ya ce za a duba. Bai taka bayan gidan mai gari ba. Amma da za su tafi na ga an buɗe bayan motoci ana loda buhuna, kuma ba gero ba ne a ciki. Ƙurar motocinsu ba ta gama kwantawa ba anka fara mayar da albasa aji, yara na tsaye suna kallo.

Ba a daɗe ba anka ce an canza wa Malam wurin aiki, wai ba ya jituwa da jama'a. Anka tura shi wani ƙauye can ƙarshen ƙasarmu, wajen iyaka da ƙasar Rabah, inda ba malamin da ke yarda ya zauna. Ba gidan malami a can, ba inda zai ajiye iyali. A zauren wani bawan Allah yake kwana bisa tabarma, Jumma'a ya hawo keke ya zo gida. Tsakaninmu da can akwai fadama, in an sako ruwa daga dam ko an yi ruwan sama sai ta cika, ya ɗora keken a ka ya ratsa ruwa iya ƙirji. Mutum ne da furfura ta fara fito masa. Na roƙe shi ya bar aikin, mu koma Wurno ya yi noma a gonar gado. Ya ce can ma yara ne, kuma sun fara gane baƙaƙen rubutu.

Wanda anka kawo a madadinsa a garinmu kuwa ya zauna lafiya da kowa. Shi ma an ba shi lungunsa.

Yanzu ina jin rediyo na cewa za a ƙara wa makarantu kuɗi, za a kula da malamai, ɗan ƙauye zai samu abin da ɗan birni ke samu. Allah ya sa. Amma in da mai jin maganar tsohuwa, su sani ba gini kaɗai ba ne. Mu an yi mana gini. Abin da Malam ya rasa shi ne mutum ɗaya a sama da shi da zai ce masa, ka yi gaskiya, muna bayanka. Duk wanda ya zo duba makaranta bayan ya aiko da sanarwa, turare zai shaƙa. Duk wanda ya tura malami ƙauye bai ba shi ɗakin kwana ba, ya san abin da ya yi. Ban yafe musu ba, na ofis da na gari. Da Malam ya rasu, yayana ya zo ta'aziyya yana share hawaye da hannun riga, ban ɗaga kai na dube shi ba, har ya koma ga Allah gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ana ce mini in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Amma ƙaddara ba ta ɗauki buhu a ka ta kai aji ba, mutane ne, kuma na san gidajensu.

A daminar Malam ta biyu a ƙauyen can tari ya kama shi. Ya ƙi kwanciya. Wata Jumma'a ya iso gida jiƙe sharkaf, jikinsa kamar garwashi, bai iya jingine keken ba sai da na karɓa. Na shafa masa man zafi, na dafa abin da na sani, anka kira mai allura ya yi masa. Asabar bai ci komi ba. Lahadi bayan la'asar na ga ya ɗan samu sauƙi, ya buɗe ido ya nemi ruwa. Na tallafi kansa na ba shi, ya sha kaɗan. Ya daɗe yana kallon ƙofa, sannan ya juyo gare ni, murya can ƙasa.

"Innar yara, gobe Litinin ce ko? Ki tashe ni da wuri. In na makara yaran can za su ɗauka ni ma na gudu."