Lambun Sale a Cikin Salula

Ranar da sanarwa ta fito cewa za a rufe tsohon wasan salular da marigayi ƙanena Sale ya gina lambunsa a ciki, ban tuna da lauya ko alƙali ba. Kakarmu Dije na tuna, ita da ƙarnin kifinta.

Ni tun ina yaro ba na shiri da ƙarni. Gidanmu a Madarumfa kuwa jifa ɗaya ne da tabki, kuma sana'ar Kaka bandar kifi. Bayan isha'i sai ta hura wuta ƙarƙashin raga, ta jera tarwaɗa da karfasa, ta zauna kan turmi a kife tana juya su da hannu kamar ba ta san zafi ba. Hanjin kifin yana gefenta cikin wani tsohon kwano, kyanwar gida tana kewaya shi. In ina son tatsuniya dole in zauna cikin hayaƙin nan, ido na hawaye, hanci a toshe da wuyan riga. Sale ko a jikinsa. Shi har kan kifi yake tsotsa.

"Ku dubi angon banza," in ji Kaka. "Yana ƙyamar sana'ar matatai, amma in an gasa shi ka hwara miƙo hannu."

Wani dare na sanyi ta ce, "Ga ta nan, ta ratso tabki ba ta jiƙe ba." Muka ce ta ƙaraso mu ji ta.

Wai kura ce ta gaji gona a bakin fadama. Ta noma ta shekara ɗaya, ta ga hatsi ba nama ba ne, ta watsar ta shiga dawa. Gona ta zama saura, sai ƙaya da ƙarangiya. Bushiya da ƴaƴanta ba su da ko taki ɗaya na ƙasa. Ta nemi kura don ta roƙi aro, ba ta gan ta ba, sai ta ce bari ta share kafin mai abu ta dawo. Suka share, suka shuka, damina ta yi kyau, wata ma ta zagayo ta yi kyau. Har autan bushiya ya dasa ɗan mangwaro yana ba shi ruwa safe da yamma.

Ana nan sai kura ta biyo ta wurin ta ga kore shar. Ba ta yi wata-wata ba ta kai ƙara wajen dila, malamin daji. Dila ya ce gona ta kura ce, kowa ya sani. Ya juya ga bushiya ya ce ko da aron aka ba ta, wa ya taɓa dasa itace a gonar aro? Haka abin yake a wajenmu har gobe: wanda aka ara wa gona ya shuka hatsi da wake, amma ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, don kada wata rana ya ce ƙasar tasa ce. Kura ta tumɓuke mangwaron, ta tattake hatsin, ta kewaye gonar da ƙaya, ta koma dawa.

Sale ya cire kan kifi daga baki ya ce, "Kaka, to kura tana cin hatsi?"

"Ba ta ci, ɗan nan. So take a hwasa kowa ya rasa."

Ni kuwa na miƙe da fushi na ce dila mugu ne.

"Zamna, maigida. Dila gaskiya yah hwaɗi, zanen aro ba ya ruhe katara. Wata gaskiyar dai wari gare ta, kamar kwanon ga."

Na tsani wannan tatsuniya. Kullum in ta ɗauko ta sai na roƙe ta ta sa zaki ya zo ya kashe kura, kullum sai ta ƙi.

Da muka girma muka tafi lise, wato makarantar sakandare, a Maradi, can muka san siber, inda ake hayar ordinatar, wato kwamfuta. Akwai wani wasa da muka nace wa: kowa a ba shi fili, ya yi gini, ya yi shuka, ya yi ciniki da mutanen wasu ƙasashe da bai taɓa gani ba. Daga baya kamfanin ya ce babu riba, ya rufe. Shekaru suka wuce, sai wasu masoya wasan, Allah kaɗai ya san inda suke, suka tayar da shi a kan na'urarsu, suka gyara shi yadda zai yi aiki a salula, ba sa karɓar komai daga kowa.

Lokacin Sale ya zama direba, yana jigilar kaya zuwa Najeriya. Zaman jira a bakin iyaka ba ya ƙarewa, a nan ya gina lambu cikin wasan, sak irin wanda ruwa ya cinye wa babanmu: rijiya a gabas, kwamin albasa, shinge, da itace ɗaya da ya raɗa wa sunan ƴarsa Balki. Na taɓa ce masa abin nan fa doka ba ta yarda da shi ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, mai abu ya yad da abinai, mu kau mun tsinta."

Zazzaɓi ya ɗauke shi damina waccan. Salularsa ta dawo hannuna, kuma kowace Juma'a Balki, wadda bana ta shiga lakwal, makarantar boko, tana zuwa ta ba itacen ubanta ruwa.

Sanarwar da masoya wasan suka fitar ta ce lauyoyin kamfanin sun rubuto: zanen wasan da kiɗansa da duk abin da ke cikinsa mallakar kamfani ne, ko yana sayarwa ko ba ya sayarwa, don haka a rufe ko a haɗu a kotu. Na karanta har ƙarshe ina neman inda suka ce su za su sake buɗe shi. Babu. Abin ya yi mini wari fiye da kwanon Kaka. Mutum ya yar da abu a juji, wasu su wanke, sai a lokacin ya tuna nasa ne, kuma ba don ya yi amfani da shi ba! Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da bakin cewa an yi ƙarya. Wasan nasu ne, Sale kuma ya dasa itace inda bai kamata ba. Yanzu na gane Kaka ba mugunta take mana ba da ta hana zaki zuwa. Ta zauna da mutane ta gani, mai haƙƙi yakan zama marar kunya, kuma hakan ba ya ƙwace masa haƙƙinsa.

Juma'ar da ta biyo baya Balki ta zo, ta goge hannu a zanenta, ta karɓi salula ta danna. Sai baƙin allo da ɗan rubutu.

"Baba, rezo na?"

Na ce ba rezo ba ne, layin waya lafiya lau yake, masu wasan ne suka karɓe abinsu.

Ta sake kallon allon, sannan ta ɗago. "To su za su riƙa ba iccen Abba ruwa?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "A'a, Balki. Ba su ma san yana nan ba."