Takalmin Taya da Muka Manna wa Bidi

Shekara talatin da uku ke nan, a cikin wannan watan, da muka kai yayana Mamman makwancinsa a Gwandu. Da bana ma shiru zan yi kamar yadda na saba, in yi masa addu'a in ci gaba da harkokina. Wanda ya tono mini zancen wani maƙwabcina ne a nan Kalgo, ma'aikacin jami'a, da ya sayi doki don sha'awa. Ranar Asabar ya tare ni a ƙofar gida da waya a hannu, baki har kunne, ya ce in zo in ga ikon Allah. Wata Baturiya ce a bidiyo take koya wa masu dawaki yadda za su manna wa dokinsu takalmi da gam da hannunsu, ba ƙusa, ba maƙeri. Na kalla har ƙarshe. Da ya tambaye ni yaya na gani, sai na ce masa jiri nake ji, na shige gida.

Yaya Mamman manomin albasa ne da rake a fadamar da ke wajen Malisa, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu har na zama malamin firamare. Mutum ne da bai yarda akwai abin da hannunsa ba zai iya ba. Rediyo, keke, injin ban-ruwa, har agogon liman, duk ya taɓa buɗe cikinsu, kuma don Allah mafi yawansu sun tashi. In ka ce masa a kai wa mai gyara, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Shi mai gyaran hannu uku gare shi?" Ni kuwa Malam Alli yake kirana, wai duk abin da na iya riƙewa a duniya shi ne alli.

Yana da doki guda, Bidi, wanda yake hawa daga Gwandu zuwa gona kullum da safe. A wajenmu ba a sa wa doki takalmi, domin ƙasarmu rairayi ce da laka, kofato na cin kansa daidai da yadda yake tsirowa. To, a shekarar da aka ba mu jihar Kebbi sai aka zuba jar tsakuwa a wani yanki na hanyar da yake bi. Kafin damina ta yi nisa kofatan Bidi na gaba sun suɗe, ya fara taka ƙasa yana ɗari-ɗari. Wani ya ba Yaya shawarar ya kai shi Sakkwato a buga masa na ƙarfe. Ya ce har abada, ba mai kafa ƙusa a ƙafar abin da ke da rai yana tsaye yana kallo.

A nan ne ni na shigo, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan. Na je wani kwas na malamai a Sakkwato, na ga wata tsohuwar mujallar Turawa a ɗakin karatu, da hoton doki da aka manna wa takalmin roba. Hoto ne kawai da layi biyu a ƙasansa. Na shiga kasuwa na sayo gam mai ƙarfi, irin mai bututu biyu da ake haɗawa a gauraya, na kawo masa da ɗokina. Karo na farko ke nan a rayuwata da na zo wa Yaya da dabarar da bai riga ni sani ba, kuma wallahi na ji daɗin yadda ya yi shiru yana saurarona.

Hoton daga gefe aka ɗauke shi, ba a ganin ƙasan ƙafar. Saboda haka Yaya ya yi abin da kowane mai yanka takalmin taya a kasuwa zai yi. Ya ɗora kofaton a kan tsohuwar tayar mota, ya zagaye shi da gawayi, ya yanko cikakken tafi wanda ya rufe ƙasan ƙafar ruf. Ya goge kofaton da magagari, ya shafa gam, ya danna, ya ɗaure da tsumma har ya kama. Da ya ɗaga ƙafar dama zai manna mata nata, na ga wani ɗan baƙin rami a tsakiyar tafin kofaton, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya ce guntun waya ne ya cire jiya, ai yanzu ma ya samu murfi.

Kwana tara abin ya yi kyau har ya ba mutane mamaki. Bidi ya koma takawa da ƙarfinsa, masu dawaki daga Masama suka zo kallo, Yaya na ɗaga musu ƙafar yana bayani kamar shi ya ƙirƙiro doki. Matarsa, Yaya Hajo, ita kaɗai ce ba ta yi murna ba. Ta ce da can tun daga bakin masallaci take jin tahowarsu ta ɗora ruwan wanka, yanzu kuwa sai dai ta waiga ta gan su tsaye a tsakar gida, ba motsi ba sallama. Ta ce abin na sa gabanta faɗuwa. Muka yi mata dariya.

Asabar ta biyu na zo daga Kalgo da hantsi na tarar da Yaya a bakin turke, bai je gona ba. Bidi na tsaye ƙafafu a warware, wuya a miƙe, kunnuwa a tsaye cak, wutsiya a ɗage. Ga harawa a gabansa, yana kallonta, ya kasa sunkuyawa. Na tafa hannu don in kori ƙuda, sai duk jikinsa ya ɗauki rawa, wata farar fata ta rufo masa rabin ido. Ban taɓa ganin dabba a tsaye cikin irin wannan tsoro ba.

Yaya ya ce robar ce ta tara masa zafi, a cire ta. Amma gam ɗin ya yi aikin da aka saye shi dominsa. Ya sa wuƙa yana ɓanɓara, yana zagin gam ɗin, yana zagin wanda ya yi shi, har tafin ya ɗago, wani baƙin ruwa mai wari ya biyo baya. A daidai nan dokin ya zabura, wuƙar ta goce ta shige gindin babban yatsan Yaya na hagu, ya faɗi ya dafa ƙasa da hannun, cikin kashin doki da danshin turke.

Na zuba masa ruwan buta. Yankan ba shi da faɗi, amma ya yi zurfi. Na ce mu tafi asibiti a ɗinke.

"In bar dokin ga ga wa?" in ji shi. "Ɗauko min sauran gam ɗin can. Ai kafintoci haka suka yi."

Na ɗauko. Ni na gauraya shi a kan murfin gwangwani. Ni na haɗa bakin yankan da yatsuna biyu na matse, ina ƙirgawa a zuci kamar yadda takardar gam ɗin ta ce, har ya kama. Ya juya hannun ya duba, ya ce, "Kai, Malam Alli, ashe hannun ga naka na da amfani." Na ji daɗin wannan magana. Ni da nake tsayawa gaban 'yan aji biyar ina koya musu darasin kiwon lafiya, ina ce musu a wanke ciwo da sabulu a bar shi ya sha iska.

Bidi ya mutu ranar Talata, haƙoransa a sarƙe. Aka aiko mini, na yi jaje ta bakin direban motar Gwandu, na ce sai Juma'a in na taso daga makaranta.

Da na iso ranar Juma'a, Yaya Hajo ta kawo mana tuwo da la'asar. Yaya ya yanko loma, ya kai baki, ya mayar da ita cikin kwano. Ya ce a dama masa kunu, muƙamuƙinsa ya yi nauyi tun jiya. Ya sa hannu yana murza bayan wuyansa. Daga inda muke zaune ana hango turken, ba kowa a kansa sai ragama a rataye. Ya dubi turken, ya dube ni, ni ma na dube shi. Ya yi kwana uku yana jinyar dokin, ya san abin da ke biyo bayan wannan da abin da ke biyo bayan na biyun, ya fi kowane likita sanin jerin.

Da safe muka ɗauki shatar mota zuwa Birnin Kebbi. Duk ramin da taya ta faɗa sai bayansa ya lanƙwashe, ya sandare, gumi na zuba, idonsa biyu kuma hankalinsa garau. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau: ciwon bai taɓa hankalinsa ba ko na minti ɗaya. A asibiti suka sa shi a ɗaki mai duhu, suka hana a yi ko tari kusa da shi. Likitan ya buɗe yankan, ya ciro ɓawon gam da ɗan hantsaki, ya ɗaga shi yana kallo. Ya yi mana bayani cewa ciwon sarƙe-haƙora ne, irin wanda ya kashe Bidi, amma ba doki ne ya shafa masa ba. Ƙwayar cutar a cikin ƙasar turke take zaune, kuma ba abin da take so kamar rami mai zurfi da aka toshe, inda iska ba ta shiga. Sannan ya tambaya, ba da faɗa ba, wane ne ya rufe wannan ciwon.

Ina tsaye a wajen ƙafafunsa. Yaya, wanda a lokacin ko cokali ba ya shiga tsakanin haƙoransa, ya ɗaga hannun dama da ƙyar ya nuna ƙirjinsa. Ya rasu a kwana na huɗu, bayan azahar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na tabbata da shi ne farkon mai babbar waya a unguwarsu, kuma da ya ga bidiyon nan sai ya ce Baturiyar a wurinsa ta sato. Da ya yi dariyar baburan da suka cika hanyar Malisa, ya buɗe cikin biyu ko uku. Amma akwai abin da Baturiyar ta faɗa wanda maƙwabcina bai kula da shi ba don murna, ni kuwa na ji shi sarai. Ta nuna takalmin, tsakiyarsa a buɗe yake, gefen kofato kawai yake kamawa. Ta ce kada a kuskura a manna shi a kan rauni komai ƙanƙantarsa. Magana ce da ba ta ɗauke ta daƙiƙa goma ba. Ga shi kuma yanzu allurar wannan ciwo tana nan a ƙaramin asibitin da ke bayan gidana, ana yi wa mata masu ciki ita kowane mako. Jiya na je na sami maƙwabcin nawa na ce ya sake kallon wurin nan sau biyu, kuma ya je a yi masa allurar kafin ya taɓa wuƙa.

Ba na zargin Yaya da son yin abu da hannunsa. Da wannan hannun ya ciyar da mu, ya yi mini karatu, ya haƙa rijiyar da har gobe ake sha a gidan. 'Ya'yansa duk sun gado shi, ba mai kiran mai gyara a cikinsu, kuma ina alfahari da hakan ko da gabana na faɗuwa. Abin da ya rage mini nawa na kaina shi ne wancan yatsa da ya nuna ƙirjinsa. Ya ɗauke mini abin a gaban likita, ni kuma na bar shi ɗauke da shi shekara talatin da uku. A Gwandu har yau cewa ake yi ciwon doki ne ya kama Mamman, wasu su ce taurin kansa ne, ni kuma ina zaune a cikinsu ina gyaɗa kai.

Yaya Hajo tana nan da ranta, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Duk zuwan da na yi sai ta sa an dama mini fura, ta ce ni ne na tsaya wa Mamman har ƙarshe. Ba ta karanta jarida, kuma ba na so ta ji wannan a bakin wani. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shiga motar Gwandu da takardar nan a aljihuna, in zauna a gabanta in karanta mata da bakina. Allah ya jiƙan Yaya Mamman, ya sa ya huta. Ni kuma ku taya ni addu'a kada in tsallake wurin da na ce ni na matse.